Takardar Sallamar Kaka Daga Soja: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmomin da Ke Cikinta

Da wuya ka shiga tsohuwar unguwa a Kano, Zariya, Kaduna, Kumasi ko Damagaram ba a nuna maka gidan da ake kira gidan tsohon soja ba. In an yi sa'a, can ƙasan adakar wata tsohuwa akwai ɗan littafi da ya yi ja don tsufa, an ƙunshe shi a tsumma tare da lambobin yabo biyu ko uku. Jikoki sun yi boko, wasu har digiri, amma da sun buɗe sai su tarar Turancin ba irin wanda aka koya musu ba ne: haruffa bibbiyu, uku-uku, kwanan wata, sai sa hannun wani Bature da ba ya karantuwa. Tambayoyin nan su ne waɗanda jikokin mazan jiya suka fi yi. Na fi ba da ƙarfi ga sojan Ingila na yaƙin Hitila, don takardunsu suka fi yawa a hannun mutane, amma na Faransa ma suna da rabonsu.

Wace irin takarda ce wannan, kuma wa ya rubuta ta?

Yawanci ɗayan biyu ce. Ko dai takardar sallama, wadda samanta aka rubuta Certificate of Discharge ko Discharge Book, ko kuma littafin albashi da soja ke yawo da shi a aljihun gaba. Akawun bataliya ne ke cikewa, hafsa ya sa hannu, mai takardar ya dangwala yatsa. Ka riƙe wannan a ranka: ba don iyali aka rubuta ta ba. An rubuta ta ne don hukuma ta san mutum nawa take ciyarwa, nawa take biya, wa ya shigo, wa ya fita. Shi ya sa za ka ga an rubuta ranar da aka yanke masa albashin kwana uku, amma daren da ya kwana cikin laka a bakin kogi ana ruwan harsashi babu ko layi ɗaya.

Mene ne WAFF da RWAFF da NR?

WAFF ita ce rundunar da Turawan Ingila suka kafa a Afirka ta Yamma, Lugga ya fara haɗa ta a 1897. A 1928 aka ƙara mata kalmar Royal a gaba, ta koma RWAFF. Wannan kaɗai ya isa ya ba ka haske: takardar da ke ɗauke da WAFF babu R ta girmi 1928. Tambarinta bishiyar kwakwa ce, kayan faretinta kuwa jar dara da jan ɗamara.

NR na nufin rundunar Nijeriya, wadda aka haɗe a 1914 lokacin da aka gama Arewa da Kudu. GCR ta Gana ce a zamanin da ake kiranta Gold Coast. In ka ga 5 NR, bataliya ta biyar ke nan ta Nijeriya. Bn bataliya ce, Coy kamfani, Bde birged, Div kuwa babbar runduna mai birged uku. A 1956 aka sa wa ta Nijeriya sunan Sarauniya, a 1960 RWAFF ta watse, kowace ƙasa ta kama tata.

Lambar da ta fara da NA fa?

Ita ce lambar soja, kuma ta fi sunan amfani wajen bincike. A yaƙin duniya na biyu NA na Nijeriya ne, GC na Gana, SL na Saliyo, GA na Gambiya. Haruffan suna nuna inda aka ɗauki mutum, ba inda aka haife shi ba. Bahaushen da ya je fataucin goro ya shiga soja a Kumasi GC zai samu, Bazabarmen da ya tsallako daga Dosso ya shiga a Sakkwato kuwa NA. Ka kwafe lambar a wuri biyu ko uku kafin ka yi komai.

Sunan da ke takardar ba shi ne sunan kakanmu ba. Anya tasa ce?

Sau da yawa tasa ce. Bature mai ɗaukar kurata ba ya tambayar sunan uba. Sai ya ce sunanka, daga ina, ya haɗa biyun ya rubuta. Haka aka cika bataliyoyi da su Audu Kano, Musa Bauchi, Garba Sokoto. In sunan ya yi yawa a kamfani ɗaya sai a ƙara lamba, a sami Audu Kano na biyu da na uku. Garin ma ba lallai mahaifarsa ba ne, wani babban garin da ya fi kusa da ƙauyensu ya faɗa don kada a yi ta tambayarsa.

Sai kuma rubutun kunne. Akawu yana rubuta abin da ya ji ne: Muhammadu ya zama Momo, Mama ko Mamadu, Ibrahim ya zama Brimah, Abdu ya zama Awudu ko Abudu, Abubakar ya zama Bukare ko Garuba. Katsina takan fito Katsena, Borno kuwa Bornu, Maiduguri Yerwa.

Akwai kuma waɗanda da gangan suka sauya suna. Wani gudun haraji ya kai shi bariki, wani bashi, wani fushi da gida, wani kuwa a farkon zamanin Turawa daga hannun ubangijinsa ya tsere. A wancan lokacin gidan mutunci ba ya murna ɗansa ya shiga soja, don haka yaro yakan ari suna kada labari ya kai gida. Kafin ka yanke hukunci, duba wurin da aka rubuta NOK, wato magajin da za a sanar in ya mutu. A nan mutum ba ya cika yin ƙarya, don yana so kuɗinsa su isa hannun uwarsa. Duba kuma wurin Marks, inda ake bayyana tsagar fuska da tabo. Tsofaffin gida za su gaya maka ko askarsa ce.

An rubuta Tribe: Hausa, alhali mu ba Hausawa ba ne. Me ya jawo?

Hausa ce harshen bariki. Tun 1863 da Bature Gulaba (Glover) ya tara dakarunsa a Ikko ake kiransu Hausawa, kuma hafsoshin Ingila sai sun ci jarrabawar Hausa. Turawa sun ƙudurta a ransu cewa Bahaushe ne mayaƙi, shi suke nema. To, Babarbare, Badakkare, Bazabarme, Bagwari, mutumin Chadi, duk wanda ya iya gaisuwa da Hausa ya ga an fi karɓar mai wannan suna, sai ya amsa shi. Wurin addini za ka ga Mohammedan, haka suke kiran Musulmi a lokacin, ko Pagan ga mai addinin gargajiya. Kalmomin zamaninsu ne, ba sai ka ɗauke su da zafi ba.

Shekaru kuwa, Apparent age na nufin likita ya dube shi ya ƙiyasta. Kada ka gina ranar haihuwa a kansa. Yara da yawa sun ƙara wa kansu shekaru don a ɗauke su.

Attested da Enlisted, ba abu ɗaya ba ne?

Kusan haka. Enlisted shiga soja ne, Attested kuwa ranar rantsuwa, kuma daga ita ake fara lissafin aiki. In ka ga D of W ko Duration, an ɗauke shi ne har yaƙi ya ƙare, ba na wasu ƙayyadaddun shekaru ba. Re-engaged ya sabunta ne bayan wa'adinsa ya cika. Colours shekarun da ya yi cikin kaki, Reserve kuwa waɗanda yana gida amma ana iya kiransa.

Yaya zan gane muƙaminsa?

Kalmomin duk sun shigo Hausa, rubutun ne kawai baƙo. Rct kurtu. Pte farabiti, marar igiya. L/Cpl las kofur, igiya ɗaya. Cpl kofur, igiya biyu. Sgt saje, igiya uku. CSM samanjan kamfani, RSM ko BSM babban samanja. Wasu sassan suna da sunansu na farabiti: Gnr na 'yan igwa, Spr na masu gina gada da hanya, Dvr direba, Sigmn mai waya.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne ƙananan haruffan da ke gaban muƙami. A/ riƙo ne. U/ ba a biyansa kuɗin muƙamin, P/ ana biya. Saboda haka U/A/L/Cpl mutum ne da aka ɗaura wa igiya ɗaya ta riƙo, aikin ya ƙaru, albashi yana nan yadda yake. W/S muƙami ne da aka tabbatar masa iyakar tsawon yaƙi. In ka ga Reverts to Pte, ba lallai laifi ya yi ba. Mai riƙo yakan koma farabiti da zarar an kwantar da shi asibiti ko an sauya masa bataliya. Wanda aka cire wa igiya don horo, Reduced ake rubutawa.

In a gida ana cewa kaka hafsa ne a yaƙin Bama, wato ƙasar Burma, a yi hattara. Hafsoshi Turawa ne, har da wasu sajan-sajan da ake rubuta wa BNCO. Seth Anthony na Gana, wanda aka ba anini a 1942, shi ne ya fara keta wannan shinge, su Zakariya Maimalari kuwa sai farkon shekarun 1950. Amma samanjan wancan zamani ba ƙaramin mutum ba ne. Chari Maigumeri, wanda ya fara yi wa Jamus soja a Kamaru kafin ya dawo ɓangaren Ingila ya yi yaƙin duniya biyu, samanja ne, ga shi yau barikin Lakwaja sunansa take amsawa.

Na ga SOS har sau shida. Hatsari ya yi ta shiga?

A'a, kwantar da hankalinka. Wannan SOS ba ta neman agaji ba ce. Ma'anarta an cire sunansa daga lissafin wannan rukunin. Abokiyar tafiyarta TOS, an shigar da shi lissafin wani. Kowace bataliya tana da adadin bakin da take karɓar wa abinci da albashi, don haka ko makarantar koyon tuƙi aka tura mutum sai an cire shi nan an shigar da shi can. Ka jera su bi da bi a takarda, SOS ta yau da TOS ta gobe, za ka ga sawunsa ya fito kamar na raƙumi a rairayi. Posted an mai da shi wani wuri dindindin, Att aro aka ba da shi. W.e.f. na nufin daga rana kaza. X(ii) jerin waɗanda aka kwashe zuwa asibiti ne, X(iv) na masu jiran a tura su cike gurbi.

Kwanan wata kuma rana ce farko, sannan wata, sannan shekara. 3.7.44 uku ga Yuli ne.

Ta yaya zan san inda ya yi yaƙi?

Nemi Emb da Disemb, wato ranar shiga jirgin ruwa da ranar sauka. Sau da yawa ba a rubuta sunan tashar ba saboda sirrin yaƙi, amma shekarar da lambar bataliya za su tona.

In ya tashi a 1940, Gabashin Afirka ya nufa, yaƙin Italiya a Somaliya da Habasha. Birged ɗin Nijeriya ce ta shiga Mogadishu a Fabrairun 1941 ta kuma bi su har Harar. In 1943 ne, runduna ta 81 ce, wadda ta zagaya ta Afirka ta Kudu ta sauka Bombay. In 1944 ne, ta 82 ce. SEAC da ALFSEA duka fagen Indiya da Bama suke nufi, ƙasar da yau ake kira Myanmar. MEF kuwa Masar da kewayenta.

Bataliyoyin Nijeriya na 1, 2, 3, 5, 9 da 10 suna cikin ta 82, wadda ta yi yaƙi a Arakan. Ta 4 tana cikin ta 81 a kwarin Kaladan. Na 6, 7 da 12 kuwa an ware su aka haɗa da dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka sauke ta sama a bayan Japanawa a 1944. In akwai guntun ƙyalle cikin kayan kaka, duba shi: baƙin gizo-gizo a kan rawaya na ta 81 ne, mashi biyu gicciye cikin gammo na ta 82.

Sunayen wuraren ba baƙi ba ne a kunnenmu, sai dai ba mu san daga inda suka zo ba. Barikin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Badun, Dodan, Arakan, Tamandu da Myohaung a Ikko, Burma Camp a Ankara ta Gana, duka daga wannan yaƙin aka samo su. Myohaung ɗin a Janairun 1945 aka ci ta.

Wanda takardarsa ta yaƙin farko ce, Cameroons yaƙin Kamaru ne na 1914 zuwa 1916, su Garwa da dutsen Mora, E.A. kuwa Gabashin Afirka daga 1916.

An rubuta Aux Gp, wani ya ce mana ai ɗan dako ne, ba soja ba. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ce, kuma rabin da aka bari ya fi nauyi. Auxiliary Group rukunin masu ɗaukar kaya a ka ne. Amma sojoji ne cikakku, da lamba, da kaki, da albashi, da horo. A dazukan Kaladan da tsaunukan Arakan babu hanyar mota. Jirgin sama ke jefo abinci da harsashi, su kuma su ɗauka. Har igwa sukan kwance gunduwa-gunduwa su hau dutse da ita a ka, su sauko da masu rauni a makara. Yawancinsu adda ce kawai a hannunsu, ga Japanawa a cikin gora. Wannan ne ya sa rundunonin Afirka ta Yamma suka iya ratsa inda wasu ba su iya ba, kuma ba a banza aka sa gammo a tambarin runduna ta 82 ba. Ni dai ban ga abin sunkuyar da kai a nan ba. Mai bindiga ko ba komai yana da abin mai da martani.

Sauran sassan a taƙaice: WAA igwa, WAE injiniyoyi, WAASC sufuri da abinci, WAAMC asibiti, WAEME makanikai. Class I, II ko III kusa da sana'a matakin gwaninta ne, na ɗaya shi ne sama. Direbobi da makanikai da yawa da suka riƙe tashoshin mota bayan 1946 daga nan suka koyo.

Haruffan asibiti fa?

Adm an kwantar da shi. Disch a wannan layin sallama ce daga asibiti, ba daga soja ba, mutane da yawa suna tuntuɓe a nan. Fd Amb rukunin ba da agajin farko ne kusa da fagen daga, ba motar asibiti ba. CCS zango na gaba, GH babban asibiti. GSW rauni ne na harsashi ko ɓarɓashin bam. MT da BT nau'o'in zazzaɓin cizon sauro ne, na farkon ya fi tsanani. Dys atuni. PUO zazzaɓin da ba a gano sanadinsa ba, NYD likita bai gama tantancewa ba. A Bama cuta ta kwantar da mutane fiye da harsashi nesa ba kusa ba, don haka kada ka yi mamakin ganin layin asibiti ya fi na komai tsawo. A1 lafiya garau, B da C an rage masa nauyin aiki, E bai iya ci gaba ba.

Mun ga shafin laifuffuka. Mu ɓoye wa yara?

Karanta shi tukuna. AWL fita ba izini ne, wani lokaci na 'yan sa'o'i, ya tsaya kasuwa ko ya makara daga ganin gida. Ya bambanta da Deserter, wanda ya gudu ba da niyyar dawowa ba. CB an hana shi fita bariki. Forfeits an yanke albashi. Admonished faɗa kawai aka yi masa. Detention gadurum. Doguwar jimlar nan da ta fara da Conduct to the prejudice kwando ce da ake zuba komai a ciki, daga maɓallin da bai goge ba zuwa ɗaga wa kofur murya.

In ka ga Strokes ko Lashes da lamba a gaba, bulala ce. An daɗe da daina yi wa sojan Bature ita, amma aka ci gaba da yi wa baƙar fata har sai bayan yaƙin duniya na biyu. Wannan layin ya fi ba da labarin masu mulkin fiye da wanda aka zane.

Me Character: Very Good ke nufi? Akwai wanda ya fi shi?

Akwai, Exemplary, shi ne ƙololuwa. Daga shi sai Very Good, Good, Fair, Indifferent, Bad. Wannan kalma ɗaya ita ce jarin tsohon soja. Da ita yake zuwa neman aikin ɗan doka, masinja, gandiroba ko gadi a kamfani, shi ya sa za ka ga shafin ya fi sauran tsufa don yawan buɗewa.

Dalilin sallama da lissafin kuɗin da ke ƙarshe fa?

Demobilised ko Cessation of hostilities, yaƙi ya ƙare an sallami jama'a, yawanci a 1946 don jiran jirgi ya ɗauki watanni. Time expired wa'adi ya cika. Medically unfit rashin lafiya. SNLR hukuma ta ce ba ta bukatarsa, sallama ce mai ɗan ƙura.

Kuɗin fam da sule da kwabo ne, ana rubuta su £ s d. Kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya. 1/- sule ne, 2/6 sule biyu da sisi. Farabiti sule guda yake samu a rana. Deferred pay kuɗin da ake tsare masa sai ranar sallama, Allotment abin da ya ce a riƙa aika wa gida, Gratuity kuwa giratuti, biya ɗaya ne, ba fansho ba. A nan ne gardama ke tashi a gidaje, ana cewa wani ya cinye fanshon kaka. Wanda ya shiga don yaƙi kawai ya fita lafiya, yawanci giratutin nan ne iyakarsa. Kuma ba daidai aka biya ba: takardun Gabashin Afirka da aka tono a 2019 sun nuna farabiti Bature sule 10 yake samu kan kowane watan aiki, baƙar fata sule uku da sisi.

Lambobin yabon babu suna a jikinsu. Na jabu ne?

Ba lallai ba. Na yaƙin duniya na biyu yawanci haka Ingila ta raba su, ba suna. Na yaƙin farko ne ake sassaƙa suna da lamba da bataliya a gefe ko a baya, sai ka sa tabarau ka duba. Masu siffar tauraro na fagen yaƙi ne: 1939-45 Star, Africa Star ga wanda ya yi Habasha ko Arewacin Afirka, Burma Star ga na Bama. Masu da'ira, Defence Medal da War Medal, na hidima ne. Waɗannan duk wanda ya cika sharaɗi yana samu.

Na jarumta daban ne: DCM, MM, sai MiD, wato an ambaci sunansa a rahoton kwamanda, alamarsa ɗan ganyen tagulla a kan ƙyalle. In ɗayan waɗannan na cikin takardarku, kun yi dace, don akan rubuta bayanin abin da mutum ya yi, kuma da yawansu suna ajiye a ma'ajiyar tarihin Ingila da ke Kew cikin jerin WO 373. LS&GC kuwa ta daɗewa ce da kyan hali, shekara 18.

Namu bai dawo ba. Wasiƙa kawai aka kawo.

Allah ya jiƙansa. KIA a fagen daga ya faɗi, DoW rauni ne ya yi ajalinsa daga baya, Died kawai yawanci cuta ko hatsari. Hukumar CWGC mai kula da kaburburan yaƙi tana da shafin intanet da ake bincike kyauta. Sa lambar, kada ka dogara da suna. Akwai kaburburan mutanenmu a Taukkyan kusa da Yangon, da Chittagong da Maynamati a Bangladesh. Waɗanda ba a ga gawarsu ba, sunayensu na jikin bangon tunawa na Rangoon cikin kusan mutum 27,000. In na yaƙin farko ne ba ka same shi ba, ba kai ka kasa ba. Hukumar da kanta ta amsa a 2021 cewa dubban 'yan Afirka ba a rubuta sunayensu ba.

Mu a Nijar muke, takardarmu da Faransanci take.

Littafin shi ne livret militaire. Kada kalmar tirailleur sénégalais ta ruɗe ku. Tun 1857 aka kafa rundunar a Senegal, sunan ya bi duk baƙin sojan Faransa, ko daga Tawa yake ko Maraɗi ko Tasawa. RTS da BTS rejimanti da bataliyarsu ne. Matricule lamba. Classe 1938 ba aji ba ne, shekarar da aka ɗauka ya cika ashirin ce. Né vers an haife shi wajen shekara kaza. Appelé kamun dole ne, wanda dokar 1919 ta sa shekara uku, engagé volontaire da ƙafarsa ya je, rengagé ya sabunta. Cercle da canton yankin kwamanda da na sarki. Wani abin da Faransawa suka fi Ingilishi: sukan rubuta fils de wane et de wance, uba da uwa, abin da ke sauƙaƙa gane mutum.

RDC a nan ba Kwango ba ce, an soke sunansa daga rajista ne, daidai da SOS. Réformé an sallame shi don lafiya. Frontstalag sansanin fursunan Jamus ne, a cikin Faransa aka tsare baƙaƙen da aka kama a 1940. Extrême-Orient yaƙin Indocin ne na 1946 zuwa 1954, AFN kuwa Arewacin Afirka, galibi Aljeriya. Campagne double lokacin yaƙi ne da ake ninkawa wajen lissafin fansho. Fanshon nan dokar Disamban 1959 ta daskarar da shi ga 'yan ƙasashen da suka sami 'yanci, ba a daidaita shi da na Faransawa gaba ɗaya ba sai 2011, bayan yawancin masu shi sun kwanta dama. Takardun aiki suna cibiyar CAPM a garin Pau, waɗanda suka mutu kuma ana duba su a shafin Mémoire des hommes.

Ina za mu nemi ƙarin bayani a ɓangaren Ingila?

Fayil ɗin kowane soja baƙar fata an bar shi ne a ƙasarsa, ba a kai Landan ba. A Nijeriya ofishin rajistar sojan ƙasa yana Lakwaja, akwai ƙungiyar mazan jiya ta Nigerian Legion a jihohi, da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, Badun da Inugu. A Gana ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, PRAAD, ce. Abin da ke Kew shi ne littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum: WO 172 na Bama, WO 169 na Gabashin Afirka, WO 173 na Afirka ta Yamma, WO 95 na yaƙin farko. Da wuya ka ga sunan farabiti a ciki. Amma in takardarku ta ce an ji masa rauni ranar kaza, littafin zai gaya maka ƙauyen da bataliyar take a ranar da abin da ya auku.

Abin da kaka ya ba mu labari bai yi daidai da takarda ba. Wa za mu gaskata?

Ya danganta da abin da ake magana. Kwanan wata da lambar bataliya, bi takarda. Suna, asali da abin da ido ya gani, tsoho ya fi akawu sani. Sau da yawa ma ba saɓani ba ne. In ya ce ya je Makka a soja, duba ko jirginsu ya bi ta Bahar Maliya ko ya zauna a Masar. In ya ce ya yi yaƙi a Indiya takarda ta ce Bama, ta Indiya aka shiga, kuma Chittagong a lokacin Indiya ce. In ya ce shi saje ne takarda ta ce kofur, koma ka nemi ƙaramin A ɗin nan na riƙo a wani layi.

Yaya za mu adana ta?

Kada a kai ta shagon da ake manne takarda cikin leda da zafi, kada a liƙa mata salatif, kada a bi rubutun da biro don ya fito. A ɗauki hoton kowane shafi da waya a inuwa mai haske, har da bango da shafukan da ake ganin ba komai, don wani lokacin akwai rubutun fensir. A tura wa 'yan'uwa uku ko huɗu. Ita kanta a sa ta cikin farar takarda a ambulan, nesa da danshi da gara, lambobin kuma a ware su daban kada tsatsa ta ci shafi. Ba a goge su da toka ko lemun tsami. Sannan a ɗauki hotunan a je wurin wadda ta fi kowa tsufa a gidan, a karanta mata sunayen garuruwan ɗaya bayan ɗaya, a kunna rikoda.